Ƙaho a Kan Ƙarfe

Asabar, 2 ga Agusta, da hantsi

Ruwa tun asuba. Ban buɗe shago ba, kuma ba don ƙafa ba ne, kada wani ya ce. Wa zai fito a wannan sanyin ya kawo ɗinki? Ko keke napep ɗaya ban ji ya wuce ta layinmu ba.

Jiya mun je gidan Inna, mahaifiyar maigidana Baban Zubair. Mun gaisa, mun ci tuwo, mun dawo. Abin da zan rubuta ke nan game da jiya.

Gwiwar tana nan da kumburinta tun bayan babbar salla. Ba sabon abu ba ne. Shekara goma sha tara ƙarfen nan yana cikin ƙafata ta dama, daga tsakiyar cinya har ƙasan gwiwa. In ya gaji ya ɗan kumbura ai bai yi laifi ba, ni ma da nake mutum ina gajiya.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan azahar

Zaman banza ya sa na yi ta tune-tune.

Ina da shekara sha takwas ciwon daji ya kama ƙashin cinyata, dab da gwiwa. Likitan farko bai ɓata lokaci ba, ya ce a cire ƙafar. Babana, Allah ya jiƙansa, ya rabu da shanunsa ya kai ni Indiya. Can suka auna ni, tsawo da kauri da lanƙwasa, yadda nake auna mace in zan yanka mata atamfa, suka aika da awon aka ƙero ƙarfe nawa ni kaɗai. Suka cire ƙashin da ya lalace suka sa shi a gurbinsa. Duk duniya ba ƙafar da zai shiga sai ta Murjanatu.

Sun ce kada in durƙusa, kada in yi gudu, kada in ɗauki kaya mai nauyi. Haihuwa ma sun ce kada in sa rai sosai, saboda magungunan da na sha. To ga Zubair nan ya fi ubansa tsawo, ga Jannatu baki kamar nawa. Ga shago a bakin titin Anguwan Rogo da sunana a jikin allo. Da ƙafar hagu nake taka keke, kuma a zo a nuna mini wadda ta fi ni saurin ɗinki a layin nan. Salla a kan kujera nake yi, gaisuwa a tsaye da ɗan rusunawa. Da aka kawo ni gidan miji dangi sun yi ta gunaguni, wai amarya ba ta durƙusa wa manya. Inna ce ta kashe maganar. Ta ce duk mai son durƙuso ya zo ita ta yi masa, a ƙyale mata yarinya. Daga ranar ban sake jin kowa ya ce uffan ba.

Akwai doka guda da likitocin suka fi nanatawa. Ba na jin rubuta ta yau.

Litinin, 4 ga Agusta, da safe

Na buɗe shago. Lafiya lau nake.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Wajen gwiwar ya yi ja, in na ɗora hannu da zafi. Ƙarfe ne, me zai ci ƙarfe?

Da rana jikina ya yi ta rawa har almakashi ya faɗi daga hannuna. Sanyin Jos ne, kowa ya san Agusta. Na sa suwaita biyu na ci gaba da aiki, don ankon zumuntar matan cocin su Sista Chundung yana hannuna, kuma ni ban taɓa saɓa wa mai ɗinki rana ba.

Baban Zubair ya dawo ya tsaya yana kallon yadda nake jan ƙafa. Ya ce, "Murja, anya kuwa?" Na ce masa yau ya fara ganin tafiyata ne? Bawan Allah, na san ban kyauta ba, amma in na sake masa fuska zai ce in ɗaga zani ya gani.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Asiri ya tonu, kuma a hannun wadda na fi tsoro.

Sista Chundung ta zo daga Gada Biyu karɓar ankonsu. Ita ce ma'aikaciyar asibitin da ta koya mini tafiya bayan mun dawo daga Indiya. Ta yi ritaya yanzu, kaji take kiwo, amma idon nan nata bai yi ritaya ba. Daga kan keke zuwa inda na rataye kayan taku kaɗan ne. Kafin in kai ta ce, "Murja, tsaya nan. Ɗaga zani." Ita kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji.

Na ce, "Haba Sista, a shago?"

Ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe. "Ni na koya maka tafiya, ba za ka ruɗe ni da tafiya ba. Ɗaga."

Na ɗaga. Ta ga tsagar nan a jere kewaye da gwiwa, ta ga zagayen da bakin ƙaho ya bari, ta ga ruwan da ya fara fita. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo Yesu! Ƙaho? Ƙaho a kan ƙarfe? Ban gaya maka ba, ko sauro ya cije ka a wurin nan ka sosa ya yi ciwo, ka zo asibiti? Wane ne ya yi maka wannan?"

Na ce ba kowa. Ta ce to aljani ne ke nan. Ta karɓi wayata ta kira Baban Zubair da kanta, ta ce gobe da sassafe in ba ta gan mu a asibiti ba za ta zo ta ɗauke ni a ka. Ankon ma ta manta da shi, yana nan a rataye.

Dokar ke nan da na ƙi rubutawa ranar Lahadi. Kada komai ya huda fatar wajen.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan azahar

An ba ni gado.

Dokta Pwajok, likitan ƙashi, mutum ne mai magana a hankali, irin wadda take sa gaban mutum ya fi faɗuwa. Ya zuƙi ruwa daga gwiwar da allura ya aika a gwada. Na ce masa, "Likita, ai ƙarfe ba ya ruɓewa." Ya ce gaskiya ne, amma ƙarfe ba shi da jini. Nama in ƙwayar cuta ta shiga, jini yana kai mata magani har inda take. Ƙarfe kuwa in ta samu ta manne masa, ta samu gida. In ta tsaya a fata, da sauƙi. In ta kai ciki, sai an buɗe an wanke. In ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙashi har ya fara girgiɗi, dole a fitar da shi, kuma irin nawa ba a ajiye shi a kanti, ƙashin da ya rage mini a sama ma ba yawa gare shi ba.

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ce ya ƙarasa ba, na riga na taɓa jin ƙarshen wannan maganar ina da shekara sha takwas.

Ya tambayi wanda ya yi tsagar. Na ce ni na sa a yi.

Juma'a, 8 ga Agusta, lokacin da maza suka tafi masallaci

Daidai irin wannan lokacin ne, mako guda da ya wuce.

Baban Zubair ya tafi masallaci ya bar ni a ɗakin Inna. Sai ga tsohuwar nan matar wanzamin unguwarsu ta shigo da 'yar jakarta. Ashe Inna ce ta aika mata tun da safe. Ta ce, "'Yar nan, wata biyu ina kallon gwiwar nan ba na barci. Mataccen jini ne ya taru. Ni ma da aka yi mini a baya na ji daɗi. Miƙo ƙafar."

Na ce, "Inna, likita ya hana."

Ta ce, "Ai ba ƙarfen za a taɓa ba, fata ce kawai. Zan cuce ki ne?"

To a faɗa mini, me zan ce? Matar da ta tare mini dangi gaba ɗaya, ta yi mini wankan jego sau biyu tana kaffa-kaffa da ƙafar nan, ta tara baƙuwa a ɗakinta, sai in dube ta a gaban baƙuwar in ce a'a? Ni da nake wanke dillalan atamfa tas a kasuwar Taminus, bakina ya mutu murus. Na miƙa ƙafar. Aska ta yi aikinta, aka kafa ƙaho, jini ya fito baƙi, Inna tana ta hamdala.

Ban gaya wa Baban Zubair ba. Jiya a gaban likita ya dube ni da na ce ni na sa, kuma na ga ya gane.

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Allura ta jijiya safe da yamma. Hannuna duk ya yi tabo.

Kullum da safe kunun gyaɗa yana zuwa a fulas ɗin Inna mai ruwan ɗorawa. Fulas yana zuwa, mai fulas ba ta zuwa.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Sakamako ya fito. Ƙwayar cutar ta kai ciki.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Yau kam na sha kallo, kuma wallahi na ji daɗinsa.

Dokta Pwajok ya zo da ɗalibansa cike da ɗaki, ya ɗaga hoton ƙafata a jikin taga. Kai, ƙarfen nan kyakkyawa ne! Dogo, miƙaƙƙe, fari tas a cikin hoton, ga mahaɗin gwiwar kamar na ƙofar gidan masu kuɗin Rayfield. Ya ce musu su duba da kyau, ba kullum za su ga irinsa ba. Ya ce da yawa masu irin wannan kafin su kai shekaruna an sake buɗe su, wani ƙarfen ya saki, wani ya karye, wani ciwon ya dawo. Nawa kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa shi ba. Kumburin da na yi ta fama da shi ma, robar da ke tsakanin mahaɗin ce ta cinye, abin da za a canza cikin sauƙi da na zo tun farko.

Wata 'yar siririya mai gilashi ta ce, "Mama, kina iya tafiya ba sanda?"

Na ce, "'Yata, da ƙafar nan na yi goyo biyu. Da ita na yi ɗawafi, ban hau keken guragu ba. Da ita nake hawa dutsen bayan gidanmu in shanya wanki. Sanda kuma ta mece ce?"

Suka yi dariya, har da tafi. Na ce su rubuta a takardunsu, kada su rage komai. Da suka fita na juya fuska bango, ban san lokacin da matashin ya jiƙe ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Likita ya yi magana da waɗanda suka ƙera ƙarfen, za su turo sabuwar roba daidai awona. Sai ta iso za a buɗe, a yi aiki ɗaya. Kafin nan allura.

Zazzaɓi ya sauka. Na ci gwaten da Sista Chundung ta kawo har na suɗe kwano. Ta zauna tana yi mini faɗa daga farko har ƙarshe, wai taurin kaina ya fi na ƙarfen. Na ce ai shi ya sa muka daɗe tare.

Lafiya lau nake.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Mun yi faɗa da Baban Zubair, a hankali don kada makwabtan gado su ji.

Ya ce shi zai je ya yi wa Inna magana, ya gaji da haɗiyewa. Na ce in ya kuskura ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya a kaina, kada ya sake zuwa duba ni. Ya ce, "To ke ba ki ji haushi ba?" Na ce wannan ba ruwansa.

A nan zan faɗa, tunda takarda ba ta kai gulma. Na ji haushi. Na ji haushinta ƙwarai. Shekara goma sha tara ina lallaɓa ƙafar nan, ban yi rawa a bikina ba, ban taɓa zama a tabarma cikin mata ba, ban sa goshina a ƙasa ba tun ina budurwa, duk don ta zauna. Sai a rana ɗaya, da aska ɗaya. Kuma ko ta zo ta dube ni! Kunu zan yi wa magana?

Na sha kunun dai. Ba wanda ya iya dama shi kamarta.

Litinin, 18 ga Agusta, da asuba

Zazzaɓi ya dawo.

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Roba ta iso. Jibi za a shiga da ni.

Dokta Pwajok ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce sai sun buɗe za su san gaskiya. In ƙarfen yana riƙe da ƙashi, za su wanke su canza roba su rufe. In suka tarar ya saki kuma ƙashin ya ci, ba za su tashe ni su tambaye ni ba, don haka yana son amincewata a kan duka biyun tun yanzu. Ya ce raina ya fi ƙafa.

Na ce, "Likita, na sani. Amma ka duba da kyau kafin ka yanke shawara. Ba a banza aka ƙera shi ba."

Ya ce zai duba kamar ƙafarsa ce. Na amince.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Na ce wa nas ta cire mini robar ruwa na ɗan lokaci. Na sauka daga gado, na taka da ƙafata har barandar ƙarshen ɗaki, ba sanda, ba dafa bango. Da zafi, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa ya ɗauke, duwatsu sun wanku, garin ya yi kore shar. Na tsaya a kan ƙafafuna biyu na daɗe ina kallo. Duk wanda ya wuce na gaishe shi, don ya ɗago ya gan ni a tsaye.

Na ce wa Baban Zubair ya kawo mini takalmana na fita, ƙafa biyu, ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Sannan na tambaye shi Inna. Ya sunkuyar da kai. Ashe tun ranar da aka ba ni gado ba ta fita ko tsakar gida ba sai don dama kunu. Abinci sai an yi da gaske. Ta ce ba ta da idon da za ta dube ni da shi. Ni ina nan ina cewa ta share ni, ita tana can tana ƙarewa.

Na ce, "Ka je ka ce mata gobe in ban gan ta ba, ba zan shiga ba. Ka san ni."

Ya ce ya san ni.

Alhamis, 21 ga Agusta, da sassafe

Ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin mayafinta, ta rame. Ba ta ƙaraso ba, ban matsa mata ba. Ga masu gadon turawa nan.

Bismillahi.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Ƙafata tana nan. Jikina ba ƙarfi, gobe na rubuta.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Dokta Pwajok ya ce da suka buɗe ya kama ƙarfen da hannu biyu ya girgiza, ko motsi. Ƙashina ya rungume shi gam. Sun wanke, sun kankare, sun sa sabuwar roba. Ya ce kada in yi guɗa tukuna, akwai watanni na magani a gaba, kuma cutar nan takan yi lamo ta dawo, bai yi mini alkawarin komai ba. Na ce na ji. Sista Chundung ta ce za mu koma koyon tafiya daga farko, kuma wannan karon da bulala za ta zo.

Amma farkawar nake son rubutawa, kada in manta yadda ta kasance.

Na buɗe ido da la'asar, bakina a bushe, kaina yana juyawa. Ina jin ƙafar, amma ban yarda ba, don na san waɗanda aka cire wa ma suna jin tasu har da ƙaiƙayi. Na kasa ɗaga kai in duba. Na kafe ido a silin ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har na Indiya bai kai shi ba.

Sai na ji numfashin mutum a ƙarshen gado. Inna ce, ita kaɗai, Baban Zubair ya fita salla. Na ce, "Inna, duba mini."

Ta kama bakin bargo da yatsu biyu ta ɗaga a hankali. Ta ce, "Suna nan, 'yar nan. Duka biyar."

Na ɗago na gani da idona. Bandeji tun daga cinya har ƙwauri, can ƙasa ga yatsuna sun leƙo, sun yi fari don sanyi. Inna ta miƙa hannu za ta rufe su, sai ta tsaya. Hannun yana sama da ƙafar, ta kasa saukewa. Ta janye shi ta ɓoye a cikin mayafi, ta ce, "Bari in kira nas. Ni ba zan ƙara taɓa ki ba."

Na ce, "Inna, sanyi nake ji a ƙafar. Nas tana da aiki. Riƙe mini."

Ta dube ni, karo na farko tun ranar Juma'ar nan. Sannan ta zauna a bakin gado ta tattara yatsun nan cikin tafukanta biyu, tana hura musu iska tana kuka. Na motsa babban yatsan a cikin hannunta don ta ji.

Har aka kira magariba ba ta saki ba.